Muryata da Waken Matan Garinmu

Shekarun baya, lokacin ina saurayi mai ji da kansa, na yi aiki a buron wani furoje, wato ofishin wani shirin raya noma, a Agiye. A takardar ɗaukata aiki an rubuta cewa ni ne mai kula da sadarwa. Da na je gida kawuna ya tambaye ni abin da hakan ke nufi, na yi ta zuba bayani har ya gaji, ya ce, "To, mai shela ke nan, sai dai kai kana da buro." Na ji haushi a ranar. Yau kam na san bai yi kuskure sosai ba.

Ga yadda aikin yake. Masana harkar noma su rubuto takarda da Faransanci, shafi kan shafi, mu kuma mu mayar da ita maganar da mace za ta ji tana surfe da goyo a bayanta, ta gane, ta tashi ta aikata. Mu uku ne a sashen: ni, da wata abokiyar aikina da muke ce wa Madam, da shugabanmu, wani dattijo da ya daɗe a aikin rediyo kafin ya dawo furoje. Shi ya koya mini cewa ba a tambayar mutum ko ya gane. "Zai ce maka ya gane don kada ka ji kunya," in ji shi. "Ka ba shi kayan aikin a hannu, ka ja da baya, ka yi shiru." Saboda haka duk saƙon da muka rubuta sai mun ɗauke shi a na'ura mun kai ƙauye, mun kunna wa mutane, sannan mu zauna muna kallon hannuwansu. Inda hannu ya tsaya yana shakka, nan maganarmu ta gaza, sai mu koma buro mu gyara. Har Sae Sabuwa mun sha zuwa a kan wannan, don shugabanmu ya ce saƙon da bai shiga kunnen mutumin yamma ba, bai kai a fitar da shi ba.

Babban aikin da muka yi a wannan shekarar shi ne na ajiyar wake. Kowa ya san wake da ƙwaro: ka zuba shi lafiya da kaka, ka buɗe da bazara ka tarar da gari. Mata da yawa sai sun jefa wa buhu ƙwayar maganin nan da ake ce wa bam, kuma a ɗakin da buhun yake nan ake kwana da yara. An kawo wani buhu mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi daidai iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa ba tare da magani ba. Matsalar ita ce wannan "daidai" ɗin. A shanya wake ya bushe, a tsince tsakuwa da kara, a duba leda ko ta huje, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta ita kaɗai, a ɗora buhu a kan itace. Aka tsallake ɗaya, an yi aikin banza.

Ni aka zaɓa in karanta saƙon, wai muryata tana da daɗi. Ina da wata al'ada ta baki, duk inda na zo wuri mai muhimmanci sai in ce, "To, nan hwa a kula, jama'a." Shugabanmu ya yi ya yi in daina, ban daina ba, daga baya ya ga mutane suna gyara zama in sun ji ta, sai ya ƙyale ni. Aka sa saƙon a katin memori, aka sa katin a wasu ƙananan rediyo masu caji da hasken rana, aka raba wa ƙungiyoyin mata. Kowace ƙungiya shugabarta ke riƙe rediyon, ta tara mata a gidanta su saurara tare. Kafin wani lokaci an san muryata. Ina sayen tsire a tashar Agiye wata mata ta juyo ta ce, "Kai ne na nan hwa a kula?" Ranar ko kuɗin mota da na biya ban ji zafinsa ba. Kaina ya yi girma, ban ɓoye muku ba.

Abin da ya ƙara mini daɗi shi ne garinmu, wani ƙauye kusa da Gangara, yana cikin garuruwan da aka zaɓa, kuma shugabar ƙungiyar matan garin mahaifiyata ce.

Nan sai na ɗan yi muku bayani. Ni ɗan fari ne. Kakanninmu makiyaya ne da suka ajiye sanda suka ɗauki hauya, Fulatanci ya bar bakinmu, shanu suka ragu, amma kunya ta zauna daram. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In dole ta ambace ni sai ta ce "wancan". Kakata ce ta raine ni, a ɗakinta na girma, ita nake yi wa rigima. Inna kuwa in na shiga gida na durƙusa na gaishe ta, takan amsa tana kallon tukunya. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi, haka aka yi wa babana. Amma zan yi ƙarya in na ce ban taɓa sha'awar irin hirar da take yi da ƙanwata ba, su zauna suna tsinkar zogale suna dariya. Duk da na san wannan sarai, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba lokacin da ake rabon rediyo. Abin da nake ayyanawa kawai shi ne yau Inna za ta ji abin da lakol, wato karatun boko, ta yi.

Da bazara muka fita bincike, gari gari, ana buɗe buhuna a gabanmu. Kusan ko'ina wake ya fito fes, kamar ranar da aka zuba shi. Mata na guɗa, ni ina baza kafaɗa. Garinmu ba ni na je ba, wata tawaga ce. Da suka dawo da rahoto shugabanmu ya kira ni, ya cire tabarau ya ce, "Samari, duk yankin nan babu inda saƙonka ya faɗi kamar garinku." Yawancin buhunan ƙwaro ya cinye. Wasu an haɗa leda biyu an ɗaure tare, wasu an bar iska a ciki, wata ma ta cire ledar ta yi shimfiɗar shanya da ita. Mafi muni, matan sun ce buhun Nasara ƙarya ne, bana bam za su koma. Damina ta kusa, wake na gaba yana tafe, kuma kowa a garin yana tune da shekarar da bam ya kwantar da mutanen wani gida gaba ɗaya har sai da aka kai su likita a amalanke.

Shugabanmu ya ce in je ni da Madam mu gano abin da ya faru, kuma kada mu dawo masa da zato.

Muka isa da hantsi. Na shiga gida na gaishe da Inna, ta amsa wa tukunya kamar kullum, sannan ta tarbi Madam da fara'a, ta shimfiɗa mata tabarma, ta sa aka dama fura. Madam ta nemi ganin rediyon, ƙanwata ta ɗauko shi daga ɗakin Inna. An lulluɓe shi da wani ƙyalle mai ado, irin wanda ake rufe kwanon baƙo da shi. Fentin maɓallin kunnawa ya goge tas. Na ce a raina yara sun mayar da shi abin wasa, har na rubuta hakan. Na tambayi ƙanwata ya namu waken, ta ce lafiya lau ya fito, ko ƙwaro ɗaya babu. Ban yi mamaki ba, ita ta yi lakol, na ɗauka ita ta ɗaure.

Muka bi gida gida da tambayoyinmu. Kun ji saƙon? Mun ji. Hausar ta yi muku nauyi? A'a. Sautin na fita? Yana fita, sai dai daga baya rediyon kullum ba caji. To me aka ce a yi bayan an zuba wake? Sai a dubi juna a yi murmushi. Har azahar ba mu samu komai ba, sai da muka shiga wurin wata tsohuwa, ƙawar marigayiya kakata, wadda tun ina yaro take ce mini angonta.

"Angona, ka zo da kishiya ta birni ba ka gaya mini ba?" in ji ta. Madam ta yi dariya, ta gaishe ta, ta yi mata tambayoyin. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta dube ni ta girgiza kai.

"Kai hwa duk karatun nan naka bai hana ka wauta ba. Ka ɗauki muryarka ka sa cikin akwati, ka kai ma uwarka, ka ce ta tara mata ta zamna tsakiyarsu tana saurarenka? Ɗan hwari?"

Na ce, "Kaka, ai ba hira ba ce, aiki ne."

"Aiki ne gare ku. Ranar hwarko da anka kunna, kana yin sallama mata sunka ɗauki shewa, ga naki nan, ga naki nan. Ta ja mayahi ta tashi ta shige ɗaki. To shugaba ta tashi, wa za shi tsaida mu? Munka koma zancenka. Wannan ta ce muryarka ta yi ƙiba, waccan ta ce ita ta yi maka wankan jariri, wata ta ce ɗiyarta ta isa aure. Kana can kana ta a kula, a kula, mu muna nan muna rabonka. Haka na biyu, haka na ukku. Daga nan ta ce babu caji, kowa ya ɗauki buhunai ya ɗaure yadda ya ga dama."

Madam ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Mun gwada saƙon nan a kan tsofaffi da matasa, da waɗanda suka yi lakol da waɗanda ba su yi ba, mun auna tsawonsa, mun canja kalmomi, amma babu wanda ya taɓa tambayar ko mai maganar wane ne a wurin masu saurare. Bayan wannan kuma akwai wani abu da ya fi damuna, wanda ba na rahoto ba ne. Duk yankin an ji ni, mace ɗaya da na fi so ta ji ni ta tashi ta bar wurin.

Da za mu tafi ƙanwata ta biyo mu har bakin mota. Ta ce, "Yaya, Inna ta ce a gaya ma Madam, asarar da matan nan sunka yi ta hana ta sukuni. Ta ce in da hali a kawo wata murya kahin wake shi nuna." Ba ta ce a gaya mini ba, ko da yake ina tsaye a wurin.

Haka aka yi. Madam ta karanta saƙon da muryarta, domin garinmu kaɗai. Tunda mun ga hankalin matan ya riga ya fita daga buhun, muka gajarta shi sosai, muka haɗe wasu matakai don kada su gaji. Ni na riƙe mata na'urar ɗauka, ina gyara mata inda za ta numfasa, ina yi kamar abin bai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai. Har na yi kwana biyu ba na sayen tsire a tasha.

Da kaka ta yi aka roro wake, muka koma gwaji. Wannan karon na san matsayina. Aka sauke ni a bakin hanya wurin mai shayi, Madam ta shiga gari ita kaɗai da sabon kati da buhuna, da na'urar da muke ɗaukar duk abin da aka faɗa a wurin gwaji don mu saurara daga baya. Na zauna ina shan shayi ina kallon amalanken shanu suna wucewa da harawa, ga garin da aka haife ni a gabana amma aiki ya hana ni shiga. Da ta fito na tambaye ta yadda aka yi, ta ce an yi lafiya, matan sun yarda za su sake gwadawa. Sai wani murmushi take yi wanda ban gane kansa ba. A mota ta miƙo mini na'urar ta ce, "Malam mai murya, kai za ka rubuta wannan. Ni kaina na ciwo."

Washegari da safe na zauna a buro na sa abin ji a kunne. Ga kukan awaki, ga sallamar mata, ga muryar Madam daga rediyo tana bayani tsaf, babu mai shewa. Aka gama, aka ce wata ta fito ta gwada. Waken yana shanye a rana a kan tabarma, na ji ƙarar ƙwarya wata yarinya ta fara ɗiba tana zubawa a leda. Sai na ji an ce, "Dakata."

Muryar Inna ce.

"To, nan hwa a kula, jama'a," in ji ta. "Kada a zuba wake da zahin rana a jikinai. A kai shi inuwa shi huce. A sa hannu ciki, in an ji sanyi, sannan a zuba. In ba haka ba zai yi gumi cikin leda shi lalace."

Na tsayar da na'urar. Wannan matakin yana cikin saƙon farko, kuma wurin gajartawa ni da hannuna na cire shi ban ankara ba. Amma ba shi ne ya sa na tsayar da ita ba. Kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya, har inda nake ɗan tsayawa in ja numfashi kafin in ce "sannan a zuba", nan ita ma ta tsaya. Na sake kunnawa. Sai tsohuwar nan ta ce, "Ke, ina kika ji wannan? Madam ba ta hwaɗi haka ba."



"Na hwarko ya hwaɗa," in ji Inna, a hankali.

"Wane na hwarko?"

Akuya ta yi kuka, wani jariri ya yi tari. Sannan ta ce, "Wancan."

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa. "Ashe shi ya sa rediyo kullum ba caji! Mu an ce muna ya mutu, ashe a ɗaka ake cinye shi!" Mata suka kwashe da dariya, na ji Inna tana cewa su bari, su bari, a kai waken inuwa. Amma ba ta tashi ba. Har ƙarshen ɗaukar ana jin muryarta, tana nuna wa wannan yadda ake matse iska, tana sa waccan ta kwance ta sake ɗaurewa.

Ni kaɗai ne a buro, na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, kukan da rabona da irinsa tun rasuwar kakata. Daga baya ƙanwata ta cika mini sauran. In an watse an tafi rijiya ko gona, Inna takan tura ƙofa ta kunna rediyon ƙasa ƙasa, in ta ji motsi ta kashe. Buhunmu ma ba ƙanwata ta ɗaure ba. Da aka kawo sabon kati kuwa, tsohon bai dawo buro ba, kuma Madam ba ta tambaya ba.

Muka mayar da matakin cikin saƙo. Da bazara aka buɗe buhunan garinmu, wake ya fito lafiya, ba a sake maganar bam ba. Shugabanmu ya ƙara tambaya ɗaya a cikin waɗanda muke yi kafin mu kai saƙo kowane gari: wanda zai yi maganar nan, me yake a wurinku? Ta sha cetonmu. Akwai garin da muka gano mai karanta saƙon surukin rabin matan ne. Har yau in ina koyar da matasa masu shiga wannan aiki, bayan mun gama da tsara jimla da jera matakai, sai na kawo musu wannan tambayar. Sukan rubuta ta kamar sauran, ni kuma ba na gaya musu inda na samo ta.

Furojen ya ƙare tuntuni, buron ma an mayar da shi shagon taki. Ina kewar waɗannan shekarun, da hanyoyin yashi, da furar da ake tarbarmu da ita, da shugabanmu da tabaransa. Ni da Inna ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na ci gaba da durƙusawa ina gaishe ta, ta ci gaba da amsa wa tukunya, sai dai daga ranar na daina jin komai game da tukunyar. Allah ya yi mata rasuwa ba ta kira sunana ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku da suka riga mu.

Ɗaukar nan tana cikin wayata har yanzu. Wani lokaci in gida ya yi shiru nakan tura ƙofa in kunna ta ƙasa ƙasa, in bi ta tun daga kukan awaki har inda take cewa "wancan". Kwanakin baya ɗiyata ta fari ta turo ƙofa tana nemana, kafin ta ƙarasa shigowa na riga na kashe.